Kofur Begila

Surukina, mahaifin mijina, mai gyaran keke ne. Rumfarsa tana bakin titi, daura da gidan mai, kwanon rufinta duk ya yi tsatsa, tsofaffin tayoyi rataye a jikin ginshiƙi. Idan ka je za ka iske wani tsoho gajere mai faɗin ƙirji zaune a kan kujerar da aka ciro daga mataccen bas, bahon ruwa a gabansa, yana nitsa tub yana neman inda iska ke fita. Mu a gida Baba muke ce masa. 'Yan unguwa Mai Faci suka sani. Amma akwai wasu tsofaffi da idan sun zo ba sa shiga rumfar sai sun tsaya daga bakin kwata sun buga ƙafa sun ce, "Kofur Begila!" Shi kuwa ko hannunsa na cikin giris sai ya miƙe tsaye.

Ina sabuwar amarya a gidan, wata safiya ina shara, na ji wani irin gurnani daga bayan tankin ruwa, kamar an shaƙe saniya. Na yar da tsintsiya na ruga ɗakin surukata.

"Mama, wani abu ya shigo gidan nan!"

Ko ɗaga kai ba ta yi ba daga tsintar shinkafar da take yi. Ta ce, "Surukinki ne. Tsumma ya cusa a bakin begilarsa don kada ya dami maƙwabta. Gara ki saba tun yanzu, 'yata. Ni mutum na aura, ban san har da ƙaho aka haɗa mini ba."

Daga bayan tanki Baba ya ɗaga murya, "Ina jin ki, Kwamanda!"

Haka yake kiran ta, wai tun da ya bar soja bai sami hutu ba, canjin kwamanda kawai aka yi masa.

Yana saurayi ya shiga soja. Ya ce saura kaɗan gajarta ta hana shi, sai da ya ɗaga dunduniya a wajen awo. Yana kurtu, ran nan yana wankin tukwane yana fito, sajen badujala, wato makaɗan soja, ya zo wucewa ya tsaya. Ya sa shi ya buɗe baki, ya duba leɓɓansa da haƙoransa kamar mai cinikin doki, sannan ya miƙa masa begila ya ce gobe yana son jin sauti. Daga nan ya zama agogon bariki. Shi ke tashin mutane da safe, shi ke kiran fareti da abinci, shi ke busa idan za a sauke tuta da yamma.

Da yaƙi ya zo, wanda aka yi tsakanin 'yan ƙasa tun kafin a haife ni, sai aka raba 'yan badujala aka mai da su masu ɗaukar waɗanda aka harba. "Ni ban taɓa harbin kowa ba," in ji shi, "ɗauka na yi ta yi." Wanda ya rayu su kai shi tanti wajen likita, wanda bai rayu ba su haƙa masa, Baba ya goge hannu a wando ya yi masa busar bankwana. Iyakar abin da ya taɓa gaya mini game da yaƙin ke nan, ni kuma ban matsa ba. Ya yi ritaya da igiya biyu a kafaɗa. Begilar da ya fito da ita ta lotsa a gefe, har an ware ta za a zubar, shugaban badujala ya ce ya tafi da abarsa.

Mama ta ce shekara da shekaru begilar tana kan kabad, naɗe cikin tsohon tawul, ba ya ko kallon ta. Abin da ya sauko da ita rasuwar Kuku ce, wani abokinsa da ya yi musu girki a bariki da fagen daga. Kuku ya tsufa a ɗakin haya bayan kasuwa, ba mata, 'ya'ya sun yi nisa. Ranar jana'izarsa 'yan gidan hayar ne kawai da liman da Baba. Aka rufe shi, kowa ya kakkaɓe hannu ya kama gabansa, babu wanda ya ko ambaci cewa mutumin nan ya taɓa sa kaki. Baba ya dawo gida, ya taka kujera ya sauko da begilar, ya koma makabarta a ƙafa. Ya tsaya daga wajen katanga ya busa.

"Abin da ya fito ba busa ba ce," in ji shi. "Leɓe ya mutu. Da Kuku na iya tashi da ya jefe ni da ludayi."

Tun daga ranar ya fara zuwa bayan tanki kowace safiya. Sannan ya bi tsofaffin abokan aikinsa gida-gida. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta garin tana nan dama, amma ba ta da aiki sai zaman ƙorafin fansho. Shugabanta Saje ne, wani dogon tsoho mai gashin baki fari fat, wanda idan ya ce maka ina kwana sai ka ji kamar ka yi laifi. Shi ya karɓi maganar hannu biyu, ya ce ba za a sake binne soja kamar ɓarawo ba muddin yana numfashi. Sai Direba, wanda ya tuƙa motar asibiti a lokacin yaƙi, yanzu yana da wata tsohuwar a-kori-kura da ba ta tashi sai an tura. Da wasu 'yan tsofaffi da ba su isa su cika motar ba.

Tsarinsu ba shi da yawa. Da an ce tsohon soja ya rasu, ko a wace unguwa, ko wane addini yake bi, sai su sa kaki su je. Su lulluɓa tuta a kan makara ko akwati, su raka shi. Idan an gama addu'a sai su janye tutar su ninke, Saje ya ba da umarni su ƙame, Baba ya busa, su sara, Saje ya je ya riƙe hannun babban ɗa ko matar mamacin ya faɗi sunansa da muƙaminsa da ƙarfi yadda kowa zai ji. Da farko wani liman ya ce shi ba a yi masa busa a cikin makabarta. Baba bai yi musu ba. Ya ce, "Gaskiyarka, malam. Daga bakin ƙofa fa?" Liman ya ce waje ba ruwansa. Shi ke nan aka zauna a kan haka: inda aka yarda ya busa a bakin kabari, inda ba a yarda ba ya jira a gama ya busa daga waje.

Gugar kakin Baba a kaina ta faɗo, don Mama ta ce ta yi ritaya ita ma. Kakin ya koɗe har ya kusa zama fari, amma sai an sa masa sitati, karin wandon kuma sai ya tsaya kamar wuƙa. Idan na gama sai ya ɗaga wandon sama ya rufe ido ɗaya ya duba.

"Amarya," har yau haka yake ce mini, da 'ya'yana da komai, "karin nan biyu ne. Soja mai kari biyu hanya biyu yake bi."

Na taɓa ganin su suna gwajin fareti a filin makaranta ranar hutu. Saje ya daka tsawa su ƙame, ƙarar gwiwoyi ta fi ƙarar takalma. Direba ya juya hagu saura suka juya dama. Na yi dariya har na riƙe ciki. Amma ranar da na fara ganin su a ƙofar gidan makoki, suka jeru, Baba ya ɗaga begilar ya ja sautin nan mai tsawo da ke sauka a hankali, wallahi tsigar jikina ta tashi. Matar mamacin, wadda tun safe idonta a bushe, ta fashe da kuka, ta riƙa cewa, "Ashe ba a manta da shi ba."

A ƙarshen layinmu akwai wani tela, tsoho siriri mai ɗingishi, shagonsa bai fi a ajiye keken ɗinki da benci ba. Shi ke rage musu kaki idan jiki ya zube, shi ke mai da maɓalli, shi ke face gefen tutar idan ta zare, kuma ba ya yarda a yi masa maganar lada. Kowa a unguwa ya san Tela ma soja ne a dā, amma a ɗaya ɓangaren ya yi yaƙi. Bayan an gama ne ya zo garin neman abinci, ya yi aure, ya haifi 'ya ɗaya da ta zama nas. Babu mai tayar da maganar a gabansa, in ban da Baba.

Kullum da yamma idan ya rufe rumfa sai ya biya ta shagon, su sha shayi a kofin roba. A wajen hira suka gano ashe rana ɗaya suna wata gada, kogi ne kawai a tsakaninsu. A ranar aka harbi Tela a ƙafa.

"Ku kuka fara gudu," in ji Baba.

"Mu? Kofur, ji tsoron Allah. Ina kwance ina kallon ku kuna zubar da huluna."

"Da wane idon? Kai da ka ce ka suma."

"Na suma da ido ɗaya."

Wani lokaci kuma sai in zo kiran Baba cin abinci in iske su shiru, shayi ya huce, kowa na kallon titi. Sai in koma ba tare da na yi magana ba.

Saje bai taɓa zama a shagon ba. Idan kakinsa na son gyara sai ya ba Direba ya kai.

Tela ya rasu ne bayan gajeriyar jinya. Washegari da hantsi 'yarsa Nas ta shigo gidanmu, ido ya kumbura. Ta durƙusa a gaban Baba a falo.

"Baba, na zo da wata magana, in ba ta yiwu ba kada ka ji nauyi."

"Faɗi, 'yata."

"Babana bai taɓa roƙon kowa ba. Amma duk ranar da kuka wuce da tuta sai ya tsayar da keke ya miƙe tsaye a cikin shago, inda ba mai ganin sa, har sai kun ɓace. Na taɓa tambayar sa, ya ce su nasu abokan a daji aka bar su, babu wanda ya busa musu ko fito. Ni ba tuta nake nema ba, na san ba za a ba shi ba. Busar nan kawai."

Baba ya miƙa hannu ya ɗaga ta. Sannan ya ce, "Yaushe ne?"

"Jibi da safe. Muna jiran danginsa."

"Je ki, ki ci abinci. Zan yi magana da mutanena."

Da yamma suka taru a falonmu. Ina kicin ina haɗa musu shayi, ƙofa a buɗe, ba abin da ya wuce ni. Baba ya faɗi saƙon Nas yadda ta kawo shi, bai ƙara ba bai rage ba. Sai Saje ya ajiye sandarsa a kan tebur.

"Kofur, ka san inda ƙanena yake?"

"Na sani, Saje."

"Yana ƙarƙashin gadar nan. Ko takalminsa ban samu na kai wa uwarmu ba."

"Ni na shiga ruwan neman sa, Saje. Har wuya ya kai mini. Ba sai an tuna mini ba."

"To da wane baki za ka busa wa wanda ya tsaya a wancan gefen? Ka san ko harsashinsa ne?"

"Ban sani ba. Shi ma bai sani ba, kuma abin ya ci shi har ya mutu. Yaro ne aka ɗauko daga aji aka miƙa masa bindiga, kamar yadda aka miƙa wa ƙanenka."

Saje ya buga tebur har kofuna suka yi tsalle. "Kada ka haɗa su! Tutar nan da muke ninkewa, ita ya harba!"

"Haka ne," in ji Baba, muryarsa ba ta tashi ba. "Kuma ita ya yi ta facewa duk shekarun nan. Duba gefenta, zarensa ne."

Wani daga cikin tsofaffin ya ce a bar maganar, kada a ɓata zumunci a kan wanda ya riga ya tafi. Wani ya ce idan aka ji a bariki za a ce ƙungiya ta zama ta 'yan tawaye. Direba dai yana ta juya makullin mota a hannu. Saje ya yanke hukunci: ba tuta, ba kaki, ba fareti, kuma ba da sunan ƙungiya ba.

Baba ya ce, "Na ji, kuma na bi. Tuta ta ƙasa ce, kaki na gwamnati ne, ƙungiya kai ke riƙe da ita. Amma begila tawa ce, Saje, iskar ma tawa ce."

Saje ya miƙe ya ɗauki sandarsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "In ka busa masa, ni da kai sai gaisuwar aiki." Ya fita bai taɓa shayin ba.

Bayan sun watse Mama ta fito ta zauna kusa da Baba. Na zaci faɗa za ta yi masa, don ita da matar Saje aminai ne. Sai ta ce, "Ka sha maganin jirinka kafin ka je. Kuma ka tafi da yarinyar nan ta riƙe ka, kada ka faɗa ramin mutane a haɗa ku biyu."

Ranar jana'iza na goge wa Baba farar riga da baƙin wando, ba lamba ko ɗaya. Muna fitowa sai ga a-kori-kura a ƙofar gida tana tari, Direba a ciki sanye da kayan gida.

"Ni ba jana'iza na zo ba," in ji shi tun kafin a tambaye shi. "Haya na zo yi. An hana ni haya ne?"

"Wa ya isa," in ji Baba. "Amarya, zo mu tura."

A wajen su Tela mata na zuwa har bakin kabari, don haka na bi su ciki na tsaya a bayan Baba. Mutane ba su da yawa: Nas da mijinta, 'yan cocinsu, teloli, da 'yan layinmu. Can gefe kuma wasu tsofaffi uku da ban taɓa gani ba, sun sha tafiya, kayansu duk sun yamutse. Ɗaya hannun rigarsa na dama a ninke yake, an maƙale shi da fil. Nas ta raɗa mini cewa abokan babanta ne na wancan lokacin, daga garuruwa daban-daban, ita ta neme su a waya.

Fasto ya gama addu'a, aka saukar da akwati. Nas ta dubi Baba. Ya zare tawul daga jikin begilar ya miƙa mini, ya taka zuwa gaban kabarin. Sai ya tsaya. Na gane abin da ya tsayar da shi: tun bayan Kuku bai taɓa busa wa gawa ba sai Saje ya ba da umarni, yau kuwa babu mai bayarwa.

Ya juya wajen baƙin nan uku. "A cikinku wa ya fi muƙami?"

Suka dubi juna kamar an kama su da sata. Mai hannu ɗaya ya ce a hankali, "Ni ne. Amma namu muƙamin ba a lissafa shi."

"Ba lissafi na tambaye ka ba. Jera mutanenka ka ba ni umarni."

Tsohon ya gyara tsayuwa. Ya dubi 'yan'uwansa, suka matso suka jeru a gefen ramin, kafaɗa da kafaɗa. Ya ba da umarnin ƙamewa. Suka haɗa dunduniya. Baba ma ya ƙame, ya ɗaga begila.

Na sha jin busar nan, amma ban taɓa jin ya ja ta kamar ranar ba. Bai yi sauri ba, bai ƙara mata ado ba. Masu haƙa a can nesa suka ajiye shebur. Mai hannu ɗaya ya sara da hagu, hawaye na bin kumatunsa yana shiga cikin gemu, bai goge ba. Da na waiwaya sai na hango Direba a bakin ƙofar makabarta, ya fito daga mota, ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

Da aka gama Baba ya je gaban Nas ya faɗi sunan babanta da ƙarfi, ya ce, "Soja ne." Iyakar abin da ya ce ke nan. Mai hannu ɗaya ya zo ya kama hannun Baba ya ƙi saki. Baba ya ce masa, "Ku zo mu je gida ku sha ruwa. Amma ku za ku tura motar, ni na gaji."

Saje ya cika maganarsa. Bai kori Baba daga ƙungiya ba, don ba su da wani mai busa, kuma shi mutum ne da ba ya haɗa fushi da aiki. Idan an yi rasuwa sai ya aiko Direba ya faɗa. A makabarta ya ba da umarni, Baba ya busa, su sara tare, kowa ya kama hanyarsa. Ko a mota Saje gaba yake zama, Baba a baya. Matar Saje da Mama suka yi ta kai da kawo har suka gaji. Baba bai taɓa zagin sa ba, a gaba ko a baya. Ran da mijina ya ce Saje ya cika riƙo, Baba ya tsawata masa.

"Kai ka taɓa zuwa gaban uwarka ka ce mata ka dawo ba da ƙanenka ba? To rufe bakinka."

A cikin wannan halin ne haƙoran Baba na gaba suka fara girgiɗi. Mai busa kuwa da haƙoran gaba yake tokare bakin begila. Kullum ya dawo daga bayan tanki sai in ga jini a tsumman. Likita ya ce a cire su a sa na roba, ya kuma gaya masa gaskiya cewa da wuya ya sake busa. Baba ya ce a ba shi lokaci. Mijina ya kawo shawarar a ɗauki busar a waya a riƙa sa wa a lasifika, shi Baba ya riƙe begilar kawai a baki. Baba ya dube shi sama da ƙasa.

"In yi wa gawa ƙarya? Kwamanda, anya wannan ɗana ne?"

"Ka gan shi gajere, ka tambaye ni?" in ji Mama.

Sai Saje ya kwanta. Ciwon ya yi tsanani har aka dawo da shi daga asibiti aka ce a yi ta addu'a. Baba ya shirya ya ce in raka shi. Muka iske shi a ɗakinsa, dogon mutumin nan ya zama kamar sanda a kan katifa, gashin baki ne kawai bai rame ba. Kakinsa na rataye a bayan ƙofa cikin leda. Baba ya tsaya daga bakin ƙofa ya ƙame.

"Kofur Begila, Saje. Na zo duba ka."

Saje ya juyo da kai. Sannan ya nuna kujera da ido. Baba ya zauna.

"Har gobe ina nan a kan bakana," in ji Saje, da ƙyar ake jin sa. "Ba ka kyauta ba."

"Na sani, Saje."

"Da za a sake, za ka sake?"

"Zan sake."

Saje ya rufe ido, na zaci barci ya ɗauke shi. Can sai ya ce, "Taurin kai kamar jakin bariki. An ce haƙoranka na zuba."

"Suna nan dai, suna rawa."

"Ka ce musu su jira ni. Ba na son lasifika."

Baba ya miƙa hannu ya gyara masa bargo, Saje bai hana ba. Muka daɗe a wurin, har matarsa ta kawo mana ruwa.

Saje bai yi mako biyu ba ya cika. Jana'izarsa ta tara mutane, har bariki suka aiko da hafsa da wasu samarin sojoji. Direba ne ya ba da umarni, kuma ranar bai rikita hagu da dama ba. Mijina ne ya ba ni labari, ya ce Baba ya busa daga bakin ƙofar makabarta, sautin ya karye masa a tsakiya, ya tsaya ya tofar da jini, ya ɗauko daga inda ya karye ya kai ta ƙarshe. Hafsan ya zo ya sara masa. Bayan kwana kaɗan Baba ya je da ƙafarsa aka cire haƙoran.

Yanzu ba ya busa. Amma bai daina zuwa ba, shi ke riƙe gefen tuta, shi ke faɗin sunan mamaci. Ya samo wani tsohon ɗan badujalar 'yan sanda, ƙato mai tumbi da ke sayar da katin waya kusa da tasha, ya lallashe shi har ya yarda. Da yamma sai mutumin ya zo rumfa, ya tsaya tsakanin tayoyi yana hurawa, masu shan mai suna leƙowa. Baba na zaune yana ɗaure sarƙar keke, ba ya ko ɗaga kai.

Jiya na kai masa abinci na iske su. Mutumin ya gama, yana haki, ya ce, "Yaya, Kofur? Yau ai na yi."

"Iska kam kana da ita, Ɗansanda, ta ishi tayar tirela," in ji Baba. "Amma sauri kake kamar ana bin ka. Wanda kake yi wa ba inda za shi. Sake."

Ɗansanda ya goge gumi ya dube ni. "Uwar gida, haka yake yi muku a gida?"

Na ce, "Kai da ka samu yana ce maka kana da iska?"

Baba ya yi dariya har haƙoran roba suka zamo, ya tare su da bayan hannu ya mai da, ya ce in ajiye kwanon a kan benci, sai an sake sau ɗaya zai ci.